Inda Gwaggo Ta Kwana

Ungulaye ne suka fara ba da labari. Da hantsin ranar huɗu ga Afrilu, mai gadin hasumiya ya hango su suna shawagi a saman kwarin da ke gabashin gandun daji, ya kira sansani ta oba-oba. Kafin rana ta take tsaka, motar sintiri ta isa wurin da mutum huɗu a ciki: Shugaban sansani, Likitan dabbobi, Direba, da Mai Sawu, wanda aikinsa shi ne bin sawun mutum da na dabba.

Giwar tana kwance a bakin rafi. An sare mata fuska da gatari, an cire haurenta biyu. Kwalar da ke wuyanta, wadda ke aiko wa ofis inda take ta GPS, an yanke ta, an farfasa na'urar da dutse. Tana da tsohon ciki. Makonni kaɗan suka rage ta haihu.

A takardun gandun lamba gare ta, amma a sansani kowa Gwaggo yake ce mata. Likita ne ya raɗa mata sunan ranar da ya ɗaura mata kwalar, wai da ta farfaɗo daga allurar barci harararsa ta yi irin ta gwaggonsa.

"Innalillahi," in ji Direba. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, sannan ya koma bayan mota ya yi amai.

Shugaba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Likita, wanda kwana biyu kafin nan ya dawo daga zaman mako guda a hedikwata, ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan cikinta, ya daɗe bai ɗaga ba.

"Jiya aka yi," ya ce. "Ɗan ma ya tafi."

Mai Sawu bai matsa kusa da gawar ba. Ya kewaye ta daga nesa, kansa a sunkuye, ya bi ta yamma har ciyawa ta rufe shi, sannan ya dawo.

"Mutum uku ne," ya ce. "Biyu da takalmin roba, ɗaya da but wanda dunduniyarsa ta cinye ta waje. Amma Yallaɓai, waɗannan ba nemanta suka yi ba. Mai neman giwa yana karkata, yana tsayawa, yana duba kashi da karyayyun rassa. Su kuwa miƙe suka taho, kamar mai zuwa gidan ubansa. An ba su wurin."

Kowa ya san cewa inda Gwaggo take ba ya fita daga ofis.

*

Kafin la'asar maganar ta gama sansani. Matan ma'aikata suka tsaya a ƙofofin gidajensu suna kallon duk wanda ya wuce. Masu gadin da suka saba cin abinci a kwano ɗaya suka zauna kowa da nasa.

Mutum huɗu ne ke da lambar sirrin kwamfutar ofis: Shugaba, Likita, Mai Sawu, da Akawu, matar da ke sauke bayanan kwalar kowace rana tana adana su. Shugaba bai fara ta kansu ba. Ya sa aka tattaro na'urorin GPS na hannu, waɗanda masu sintiri ke rataya a ƙirji, ya ce wa Akawu ta sauke sawun kowa na makon. Ita ma ranar ta dawo daga asibiti, inda ta kwana biyu da ɗanta.

Sawun kowa ya bi hanyar da aka ba shi, ban da ɗaya. Ranar biyu ga wata, wani jan layi ya bar hanyar sintiri, ya gangara har bakin kwarin, ya jima a wuri ɗaya, sannan ya dawo.

"Na'urar wa ke nan?" in ji Shugaba.

Akawu ta kalli Mai Sawu kafin ta amsa. "Ta Auta ce."

Auta ƙanin Mai Sawu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci mai 'ya'ya uku. Mai Sawu ne ya tsaya masa ya samu aikin. Aka kira shi. Ya shigo yana murmushi, ya ga jan layin a allon kwamfuta, murmushin ya ɗauke.

"Me ya kai ka kwarin?" in ji Shugaba.

Auta ya yi shiru.

"Da kai nake. Me ka je yi?"

"Ban kashe ta ba, Yallaɓai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Auta ya sunkuyar da kai. Shugaba ya sa aka kulle shi a sito, tsakanin tayoyi da jarkokin mai, ya buga wa 'yan sanda waya. Sufeto ya ce zai iso gobe da la'asar, ya tafi da shi.

"Yallaɓai, ba a yi sauri ba kuwa?" in ji Mai Sawu.

"Da ƙanin wani ne, za ka ce an yi sauri?"

Mai Sawu ya lura cewa Shugaba bai tambayi ko ɗaya daga cikin masu lambar sirri komai ba, kuma shi ma yana cikinsu.

*

Matar Auta ta tare Mai Sawu a bayan ofis, goyo a bayanta.

"Yaya, kai ka kawo mu dajin nan. Kai ka ce aiki ne mai rufin asiri. Yanzu kana tsaye za a sa masa ankwa?"

"Ki koma gida, yara na jira."

"Ba inda za ni. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci, shi ne zai sare fuskar giwa?"

Sito yana da taga ɗaya mai ƙarafa. Mai Sawu ya tsaya a wajenta. Auta na zaune a kan taya, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗago in gan ka."

Auta ya ɗago. Yayan ya kalle shi yadda yake kallon ƙasa. A gefen wuyansa akwai kumburi guda biyu da suka fara sacewa, wani kuma a bayan hannunsa na dama.

"Ƙudan zuma ne suka harbe ka."

Auta ya kau da kai.

"Kukar da ke bakin kwarin. Mai kogo."

"Tarin 'yata ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Yaya. Uwarta ta ce a gwada zuma. Kwalba ɗaya na ɗebo, wallahi kwalba ɗaya."

"Shi ne ka kasa faɗa?"

"In na faɗa, kora ce. Ka san doka."

"In ba ka faɗa ba, gidan yari ne, sakarai."

"Ko na faɗa ma gidan yarin ne." Auta ya taso ya kama ƙarfen tagar. "Na gan ta, Yaya. Ina kan kukar na hango ta a bakin rafi tana watsa wa kanta ruwa. Na san inda take. Wa zai yarda ban gaya wa kowa ba?"

Mai Sawu ya san gaskiya ya faɗa. Zumar ba ta wanke shi ba. Ta ƙara tabbatar da cewa kwana ɗaya kafin kisan, Auta ya san inda Gwaggo take, da idonsa.

*

Washegari da sassafe Mai Sawu ya sa Direba ya sauke shi a kwarin. Bai bi inda mutanen uku suka gudu ba, don ya san titi za su kai shi, su bar shi a can. Sai ya bi sawun da baya, zuwa inda suka fito. Direba ya riƙa zagayowa da mota yana tarar shi a gaba.

Sawun ya kai shi wani tudu mai duwatsu. A nan biyu suka zauna a inuwa, mai but ya hau har ƙoli. A saman, sawunsa ya yi ta kai-komo a ɗan fili, taku kaɗan gaba, taku kaɗan baya. Duk gandun, ban da sansani, a kan tudun nan kaɗai ake samun sabis, kuma haka mutum yake yi idan yana waya ransa a ɓace.

A gindin tudun akwai sawun taya. Mai Sawu ya kalli sawun, ya kalli tayar motar sintiri, ya kalli Direba.

"Me kake zuwa yi a nan?"

Direba ya fara zufa. "Baba, don girman Allah kada ka sa ni a ciki. Waya nake zuwa yi."

"Da wa?"

"Da wadda zan aura. A sansani in na ɗaga waya, duk sai su kewaye ni suna kwaikwayon muryata. Ga wayar, duba. Ita kaɗai ce, sai mahaifiyata. Ni ko kunna kwamfutar nan ban iya ba, da na taɓa ta sau ɗaya sai da Akawu ta kusa cinye ni ɗanye."

Mai Sawu ya durƙusa. Tururuwa sun riga sun yi hanya a cikin sawun tayar, gefensa ya rufta. Ya girmi na mutanen da kwanaki.

"Allah ya sa alheri," ya ce. "Ja motar mu je."

Daga tudun, sawun bai nufi shingen gandun ba, kamar yadda ya zata. Arewa ya yi, tafiya mai nisa, har wani tafki da ya kusa ƙafewa. A bayan wani ƙaton suri ya tarar da wurin da suka yi kwanto. Ciyawa ta kwanta a wuri uku, duk suna fuskantar ruwan. Ga guntayen sigari da yawa, ga gwangwanin kifi an buɗe da wuƙa. Sun daɗe a nan, tun asuba har rana ta ɗaga.

A bakin tafkin akwai sawun Gwaggo, wanda ya sani kamar tafin hannunsa, saboda tsagar da ke ƙafarta ta gaba. Ya ɗauki kashinta ya murtsuke. Ya bushe har ciki. Ta bar wurin kwanaki kafin su zo.

Daga tafkin kuwa, sawun mutanen ya miƙe sambal zuwa inda suka yanke wayar shinge suka shigo.

Ya zauna a kan surin, abin da bai saba yi ba a bakin aiki. Labarin ya fito a fili. An ba su wuri, suka zo kai tsaye, suka tarar ba ta nan. Suka hau tudu suka yi waya. Aka ba su wani wurin.

"Baba, lafiya?" in ji Direba.

"Wanda ya aiko su bai san ta tashi ba," in ji Mai Sawu. "Auta kuwa ya sani."

*

Ya tarar da Akawu ita kaɗai a ofis, idanunta sun yi ja saboda rashin barci.

"Yaya jikin yaron?"

"Da sauƙi, Baba. An sallame mu."

"Yaushe rabon Gwaggo da tafkin arewa?"

Ba ta ko duba ba. "Talatin da ɗaya ga Maris. Ranar ɗaya ga wata ta gangara kwari. Ai kai ma ka sani, tare muka gani."

"Na biyu ga wata fa, kin saka kafin ki tafi asibiti?"

"Na saka. Sai da na adana shi na ɗauki jakata."

"Buɗe mini in gani."

Ta buɗe jakar fayilolin Gwaggo. Kowace rana da fayil ɗinta, tun farkon shekara, kuma sunan kowanne kwanan watansa ne: rana a gaba, sai wata, sai shekara. Hannunta ya haura sama da kansa, ya tsaya kusa da farkon jerin, inda na biyu ga Afrilu yake zaune a ƙarƙashin na biyu ga Maris.

"Tsaya," ya ce. "Gangara ƙasa. Har ƙarshe."

Ta gangara. Fayil ɗin da ke can ƙasa, wanda ya rufe jerin, shi ne na talatin da ɗaya ga Maris.

"Wannan abin shi ne nake ta fama da Shugaba a kansa," in ji ta. "Kwamfuta ba ta san wata ba, ba ta san jiya da yau ba. Lambar farko take gani ta jera. Duk ranakun ɗaya ga wata suna sama tare, duk na talatin da ɗaya suna ƙasa tare. Na ce masa mu sa shekara a gaba, sai wata, sai rana, yadda ake yi a hedikwata, sabo ya riƙa zama a ƙasa da kansa. Ya ce shi tun yana firamare rana yake fara rubutawa, ba zai koyi sabon rubutu da furfura ba. Shi ke nan, duk sabon wata sai mutum ya yi ta farauta."

Mai Sawu ya san wannan. Shi ma ya saba haurawa sama duk farkon wata, har ya daina lura yana yi. Yanzu ne ya kalli jerin da idon baƙo, idon mutumin da yake sauri, yana tsoron a shigo a same shi, wanda ya tabbata abin da ke ƙasa shi ne na ƙarshe.

"Buɗe shi."

Ta buɗe. Ɗigon da ke nuna inda Gwaggo take ya fito a bakin tafkin arewa, daidai gaban surin.

Akawu ta kalli allon, ta kalli Mai Sawu, ta rufe bakinta da hannu.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce. "In Sufeto ya zo, ki yi abin da ya ce kawai."

Yadda aka gyara wa mutanen wurin daga baya, bai sani ba tukuna. Ya ajiye wannan tambayar. Motar 'yan sanda ta riga ta shigo ƙofar sansani.

*

Sufeto mutum ne mai ƙiba, mai magana a hankali. Ya saurari Mai Sawu a ƙarƙashin bishiya, su biyu, bai katse shi ba ko sau ɗaya. Ya je tagar sito ya ji ta bakin Auta, har da zancen zumar. Sannan ya tara masu lambar sirri a ofis, ya juya allon kwamfuta ya fuskanci bango, ya ja kujera ya zauna a gefensa.

"Ni baƙo ne a wannan aikin naku," ya ce. "Ina so kowannenku ya zo shi kaɗai, ya buɗe mini bayani na ƙarshe da kwalar ta aiko kafin a kashe ta. Kada wanda ya yi magana. Ni kaɗai zan gani."

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Shugaba. "Ga mai laifi can a kulle."

"Ai shi ya sa ba zai ɗauki lokaci ba. Bisimilla, Yallaɓai, kai ne babba."

Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ba ya ganin allon, amma yana ganin hannun mutum. Shugaba ya zauna, ya gyara tabarau, ya yi tsaki. Yatsansa ya tura jerin sama, yana gunaguni. Ya danna. Sufeto ya duba, ya gyaɗa kai.

Akawu ta zo, ta gama kafin ta zauna sosai. Mai Sawu ya yi nasa.

Likita ne na ƙarshe. Ya zauna a natse, ya naɗe hannun rigarsa. Shekaru suna shan shayi tare da Mai Sawu a barandar nan, kuma sau biyu Mai Sawu yana ɗauko shi a kafaɗa daga cikin daji, da zazzaɓi ya kayar da shi. Yatsan Likita ya ja jerin ƙasa, sau ɗaya, da ƙarfi, har ya tsaya. Ya danna.

Sufeto ya daɗe yana kallon allon. "Wannan ne na ƙarshe?"

"Shi ne na ƙarshen da aka saka," in ji Likita. "Akawu tana asibiti da yaro, ba ta samu saka na sauran kwanakin ba. Ba laifinta ba ne."

"Na saka, Likita," in ji Akawu. "Suna sama."

Likita ya juya ya kalle ta, kamar bai ji da kyau ba. Sufeto ya juyo da allon kowa ya gani. Ɗigon na nan a bakin tafkin arewa.

"Faɗa musu abin da ka faɗa mini," ya ce wa Mai Sawu.

Mai Sawu ya faɗa, a taƙaice: wayar shingen da aka yanke, miƙaƙƙen sawun zuwa tafki, kwanton da aka yi a banza, kiran da aka yi a kan tudu. "Wurin da aka fara ba su, daga wannan fayil ɗin ya fito. Shugaba yana nan ta tashi, ya sani. Ni na sani. Akawu ta sani. Auta ya gan ta da idonsa a kwari, ba zai tura mutum tafki ba. Wanda ya tura su ba ya nan lokacin da ta tashi, yana da lambar sirri, kuma bai saba buɗe jakar nan da kansa ba. Kullum a takarda ake miƙa masa."

"Wannan ai zato ne," in ji Likita. "Don mutum ya danna fayil ba daidai ba?"

"Haka ne," in ji Sufeto. "Shi ya sa zan ari wayarka. In babu kiran da ya shigo maka shekaranjiya da hantsi, zan ba ka haƙuri a gaban kowa. In ka goge ma ba komai, kamfanin waya ba ya gogewa."

Ya miƙa hannu. Likita ya kalli hannun. Bai ciro wayar ba, bai kuma ce ba zai bayar ba. Fanka na ta juyawa a sama.

"Na ce musu su bari ta haihu," ya ce. "Sun ce mai saye ba zai jira ba."

Shugaba ya nemi kujera da hannu, bai same ta ba, ya zauna a kan akwatin batura. "Kai?" ya ce. "Kai da ka sa mata suna?"

Akawu ta fashe da kuka. Direba, wanda ke leƙe ta taga, ya ɗora hannu biyu a ka. Likita ya ciro wayar ya ajiye a tebur, ya miƙa hannayensa, aka sa ankwa. Da aka zo fita da shi, Mai Sawu ya matsa daga bakin ƙofa ya ba su hanya. Likita bai kalle shi ba.

*

Shugaba ya miƙa wa Mai Sawu makullin sito ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Zancen zumar, dole in rubuta," ya ce. "Sufeto ya ji, kowa ya ji. Zan rubuta dakatarwa, ba kora ba. Abin da hedikwata za ta yi kuma ban sani ba."

"Na gode, Yallaɓai."

Matar Auta ta riga shi isa ƙofar. Ya buɗe kwaɗon. Auta ya fito yana ƙifta ido saboda haske, rigarsa duk baƙin taya. Matar ta kama hannunsa ta riƙe.

"An sake ni ne, ko mota za a sa ni?"

"Gida za ka."

"To wane ne?"

"Likita."

Auta ya yi dariya, don ya zata wasa ne. Da ya ga fuskar yayansa, ya daina. Ya juya ya hangi motar 'yan sanda a gaban ofis, da mutumin da ke zaune a baya, kansa a sunkuye.

"Likita? Namu?"

Mai Sawu ya ba shi labarin a tsaye, tun daga tafki har zuwa jerin fayilolin. Auta ya saurara baki buɗe.

"Amma Yaya, tsaya. In fayil ɗin ya kai su tafki, suka kira shi, shi kuma bai san na sama ba, Akawu kuma tana asibiti, a ina ya samo kwarin?"

Mai Sawu ya buɗe baki zai ce Sufeto zai binciko wannan. Sai ya tuna.

Shekaranjiya ne, da hantsi, a bakin famfo. Yana wanke but ɗinsa, Likita ya fito daga ɗakinsa da waya a hannu, ya tsaya a kansa, ya tambayi gwiwarsa mai ciwo. Sannan ya ce, "Af, mutuniyar tawa fa, ina ta kwana? Ina so in leƙa ta kafin ta sauka." Shi kuma bai ko ɗago ba. Ya ce tana kwarin gabas, bakin rafi, ƙasa da kuka mai kogo. Har ya ƙara da cewa a bi ta yamma, don iska daga gabas take.

"Yaya?" in ji Auta. "Yaya, lafiya? Zauna mana."

"Ni ne," in ji Mai Sawu. "Tambayata ya yi, na gaya masa."

Auta da matarsa suka tsaya suna kallonsa. A gaban ofis direban 'yan sanda ya tayar da mota.

"Kai ta gida, yarinyar na jiran ku," ya ce. Ya danƙa wa Auta makullin, ya ɗaga wa Sufeto hannu ya dakata, ya nufi motar.